Babi na 7: Kuɗinka da Bankinka Idan Za Ka Yi Hunturu a Ƙasar Waje

Da zarar an kammala girbi kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, mutanenmu da dama na Kamba da Kangiwa da Bagudo da Argungu sukan ɗaure kaya su tsallaka iyaka cin rani, wasu zuwa Gaya da Doso da Yamai, wasu Kwatano, wasu har Kumasi, ba sa dawowa sai an ga hadarin farko. Akwai kuma dattawan da ke tafiya Umara, ko su je wurin 'ya'yansu a Ingila su yi watannin sanyi a can. Duk wanda zai bar kuɗinsa a bankin gida ya yi irin wannan tafiya, wannan babi nasa ne. Ka karanta a tsanake, inda ya shige maka duhu kuma ka tambayi malamin aji, babu kunya a cikin tambaya.

Darasi na 1: Katin cirar kuɗi

Ɗauko katinka ka riƙe shi a hannu yanzu. Nemi lambobi huɗu da wani ɗan layi ya raba su biyu, kamar haka: 03/27. Biyun farko wata ne, biyun ƙarshe shekara, wato katin zai daina aiki a ƙarshen watan Maris na 2027. Idan wannan lokaci zai riske ka a waje, je banki a ba ka sabo tun kana gida, domin babu wanda zai kai maka shi Yamai.

Sai ka dubi sunan da ke jikin katin: Verve ne, ko Mastercard, ko Visa. Na biyun ƙarshe sun fi karɓuwa a ƙasashen waje, amma sunan kaɗai bai isa ba. A 2022 bankunan Najeriya da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje saboda ƙarancin dala, a 2025 wasu suka dawo da shi, kowane banki da iyakar kuɗin da ya sa. Saboda haka ka je reshenka da ƙafarka, ka faɗa wa ma'aikaci ƙasar da za ka, ka tambaye shi ko katinka zai cire kuɗi a can, nawa ne iyaka, kuma nawa za a riƙa yanka a kowace cira. Roƙe shi ya rubuta maka amsar a takarda.

Darasi na 2: Layin wayar da ka ba banki

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Ranar da ka buɗe asusu ka ba banki lambar waya guda. Idan kana nesa, banki ba ya ganin fuskarka, ba ya jin muryarka, wannan layi kaɗai ya sani. Ta kansa ake turo alat idan kuɗi sun shiga ko sun fita, kuma ta kansa ake turo ɗan gajeren saƙo mai lambobi, galibi guda shida, wanda ake kira OTP, da ba za ka iya kammala wasu hada-hada ba sai da shi. Lambobin nan suna mutuwa cikin 'yan mintuna. Idan layin ba ya tare da kai, kuɗinka suna nan a banki amma hannunka ba ya kai gare su.

Mataki na farko shi ne ka gane wane layi ne. Mutum yakan riƙe layi biyu ko uku ya manta wanda ya bayar. Buɗe saƙonnin wayarka, ka duba wanda alat ɗin ƙarshe ya shigo ta kansa. Shi ne layin banki. Rubuta lambarsa a littafinka. Idan ba ka gane a karon farko ba, kada ka damu, sake dubawa, mutane da yawa sai a karo na uku suke ganewa.

Mataki na biyu, je ofishin kamfanin layin da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lambobi 11, ka tabbatar da sunanka aka yi rajistarsa, ba da sunan ɗanka ko na yaron shagon da ya sayar maka ba. A nan kuma ka ce a buɗe maka shi ya riƙa karɓar saƙo a ƙasar waje, ka ambaci sunan ƙasar, ka kuma sa masa katin waya kafin ka tashi.

Mataki na uku, layin banki ya zauna cikin wayarka. Idan ka isa, za ka so sayen layin ƙasar domin ya fi araha wajen kira, kuma babu laifi. Yawancin wayoyi suna da gurbin layi biyu: na banki a gurbi na ɗaya, baƙon a gurbi na biyu. Kada ka cire na banki ka naɗe shi a takarda ka cusa a aljihun riga, domin rigar za ta je wanki. Mu sake faɗa tare: layin banki a gurbi na ɗaya, baƙo a gurbi na biyu.

Layin da aka bari watanni shida ba a yi komai da shi ba, kamfani yana iya rufe shi, daga baya ma a sayar wa wani, alat ɗinka ya riƙa shiga wayar baƙo. Daga Nuwamba zuwa Mayu kuwa ai watannin sun cika. Don haka ka riƙa tura saƙo ko yin gajeren kira da shi duk wata.

Abin da ke ba da takaici shi ne, duk shekara ana maimaita wannan a aji, kowa ya gyaɗa kai, sannan magidanci da gemunsa ya bar wa yaro layin a gida wai don ya riƙa amsa kira. Haba Malam! Wanda ke riƙe da layinka ya yi rabin hanya zuwa asusunka, kai kuma kana can bakin na'ura kana jiran saƙon da ya sauka a Kamba. Ba a barin layin banki a gida, ba a ba da aronsa. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambobin saƙon ko lambar sirrinka, ɓarawo ne ko da ya ambaci cikakken sunanka. Kashe wayar kawai.

Darasi na 3: Gaban na'urar ATM

A Nijar da Benin da Togo na'urar takan fara da Faransanci, sai ka nemi inda za ka zaɓi Turanci. Sa kati, ka rufe hannunka da ɗayan hannun, ka danna lambar sirri guda huɗu. Idan ka yi kuskure sau biyu ka dakata, domin na uku yana kulle katin. Sefa na'urar za ta ba ka, banki kuma ya cire naira a farashin da shi ya sa, tare da ladan cira, saboda haka cira ɗaya babba ta fi ƙanana biyar sauƙi. Yi amfani da na'urar da ke jikin reshen banki da rana, domin idan ta riƙe katin ka samu ma'aikacin da za ka yi wa magana. Bayan ka gama, duba alat. Idan bai shigo ba, koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Tsabar kuɗi da canji

Kada ka dogara da kati kaɗai. Riƙe guzurin da zai kai ka sati biyu, ka raba shi wuri biyu. Sefar da ake kashewa a Nijar da Benin da Togo iri ɗaya ce, amma ta Cadi da Kamaru daban take, Gana kuwa sidi ne, Saudiyya riyal. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, amma ba dalar Amurka ba, dala ɗaya sefa 5, wato dala ɗari sefa 500. Tambayi 'yan canji biyu kafin ka canza, ka ƙirga kuɗin a gabansu. Wanda ke ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 sai ya bayyana wa kwastam na Najeriya.

Darasi na 5: Aika wa iyali

Tura ta manhajar banki zuwa lambar asusu mai lambobi 10, ka karanta sunan da ya fito kafin ka amince. A cire a wurin mai POS na unguwa.

Aiki: Rubuta ranar mutuwar katinka da lambar layin bankinka, ka kawo wa malami a zama na gaba.