Yadda ake haɗa katalis ɗin jan ƙarfe mai mayar da iskar kabon ta zama metanol

Ɗalibin kimiyya a Wudil, Dutse ko Kafin Hausa da ke son juya iskar kabon-dayoksaid ta koma metanol, yawancin aikinsa yana wajen haɗa katalis, wato garin da ke zaburar da kabon ɗaya da haidurojin uku su haɗu su ba da metanol da ruwa. Wanda masana'antu suka dogara da shi tun da kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1966 haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da alminiyum. Rabon da aka saba shi ne 60 da 30 da 10, a ƙidayar ƙwayoyin zarra, ba a nauyi ba.

A auna naitret na jan ƙarfe giram 14.5, na tutiya 8.9, na alminiyum 3.75, a narka su tare a ruwa mililita 100. A wani mazubin a narka sodiyum kabonet giram 16 a mililita 100. Kada arha ta ja ku ga kanwar kasuwa: akwai gishiri da salfet a cikinta, kuma kulorin da ke cikin gishiri da farar wutar da ke cikin salfet su ne manyan makasan jan ƙarfe. Haka ruwan rijiya ko na burtsatse. Sai wanda aka tace ta tururi.

A ɗora bika, wato kofin gilashi na ɗakin gwaji, da ruwa mililita 200 a kan digiri 65 na ma'aunin Salshiyos, a riƙa ɗiga kayan biyu lokaci guda ana juyawa, ido na kan ma'aunin tsami, wato pH, a tsare shi tsakanin 6.5 da 7. Nan ake cin riba ko a yi asara. In tsami ya yi yawa, jan ƙarfe zai riga tutiya kwantawa, su rabu. In kabonet ya rinjaya ko zafi ya haura, garin da ke kwantawa yakan fara baƙi. Abin da ake nema kuwa su kwanta a cuɗe, domin tutiya ce ke shiga tsakanin ƙwayoyin jan ƙarfe ta hana su dunƙulewa, a mahaɗarsu kuma metanol ke fitowa. Bayan an gama ɗigawa a ci gaba da juyawa a wannan zafin kamar awa ɗaya zuwa biyu, har launin ya tashi daga shuɗi zuwa kore-kore. Wanda ya sauke kafin launi ya juya, katalis ɗinsa ba zai yi ƙarfi ba.

Sai tacewa da wanki. A wanke da ruwa mai ɗumi sau da yawa, don sodiyum da ya maƙale yana dunƙule jan ƙarfe. A busar a digiri 100 zuwa 110 kwana guda, a rufe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A gasa a tanderu a digiri 330 na awa uku, ana ƙara zafi da digiri biyu a minti. A tanadi janareto tukuna. Ɗauke wuta a tsakiyar gashi na ɓata lissafi. Za a samu baƙin gari kusan giram 8.

Garin bai fara aiki ba sai an cire wa jan ƙarfen iskar oksijin, da haidurojin kashi 5 cikin ɗari a naitirojin, ana hawa a hankali zuwa digiri 250. Gaggawa a nan tana ƙona shi. Bayan haka kada ya sha iska, yana iya kamawa da wuta.

Gwajin kansa yana son digiri 220 zuwa 260 da matsin iska 'bar' 50 ko fiye, wato kusan ninki 50 na matsin iskar da ke kewaye da mu, don haka aikin ɗakin gwaji ne mai bututun ƙarfe da na'urar gano yoyon haidurojin, ba na tsakar gida ba. Zafi ya wuce 270, kabon-monoksaid ya ƙaru, metanol ya ragu. Ya kai 300, katalis ya fara mutuwa. A zagaye ɗaya kashi 20 ko kusa da haka ne ke juyawa, sauran iskar ake mayarwa.

Masu son ɗibar kabon daga gas ɗin kashin shanu su sani akwai iskar farar wuta a ciki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A fara bi da shi ta tsatsar ƙarfe, sannan ta oksaid na tutiya. Metanol ɗin da ya fito kuma guba ne, kurɓa kaɗan na makantarwa. A rubuta wa kwalbar suna, a kulle ta.