Yadda Ake Gasa Burodin Yis da Burodin Sanda a Gida

Kwaɓi ɗaya ne yake ba da burodin gwangwani na shan shayi da kuma burodin sanda, wato siraran nan masu ƙaras-ƙaras. Kayan haɗin ba su da yawa, a Kaduna duk ana samunsu a Kasuwar Barci, ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ta Kawo. Abin da ke kayar da masu koyo shi ne bin agogo ido rufe. Yis abu ne mai rai, zafi da sanyi suke tafiyar da shi, don haka kwaɓin da ya tashi cikin minti 45 a watan Afrilu zai iya cin awa 2 a Janairu. Kwaɓin za ki riƙa dubawa, uwargida, agogo taimako ne kawai.

Awon kaya

Don burodi babba guda, ko ƙarami guda haɗe da sanduna: fulawa giram 500, yis na gari ƙaramin cokali 2 (giram 7), sukari babban cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, bota babban cokali 3, ruwan ɗumi mililita 300. Mai son burodi mai laushi da ƙamshi sai ta ƙara madarar gari babban cokali 2. In babu sikeli, giram 500 na fulawa ya kai kusan kofi 4 mai cin mililita 250, a shafe bakinsa ba tare da dannawa ba. Mudu ba abin dogaro ba ne a nan, domin na wannan mai awo daban, na wancan daban.

Gwada yis tukuna

Yis ɗin da ake ƙullawa a leda a kasuwa yakan daɗe yana shan iska da rana, ba a sanin ƙarfinsa sai an gwada. Ɗebi rabin kofi daga ruwan da kika auna, ki zuba cokali 1 na sukari da yis ɗin, ki ajiye minti 10. Idan ya yi kumfa ya taso, yana da rai. Idan ya kwanta shiru, zubar da shi, kada ki yi asarar fulawa. Ɗumin ruwan ya zama wanda yatsa zai zauna a ciki ba ƙuna, wajen digiri 35 zuwa 40. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi nan take. Ragowar yis a toshe shi a kwalba a sa a firji.

Kwaɓi da murza

Tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, ki gauraya ta da gishiri da sauran sukari da madara. Gishiri ya fara bin fulawa kafin yis ya shiga, don in suka haɗu kai tsaye yana rage masa ƙarfi. Zuba ruwan yis da sauran ruwan, ki haɗa har babu busasshiyar fulawa, ki rufe ki bar shi minti 10. Wannan ɗan hutun yana rage miki aikin murza sosai. Sannan ki sa bota mai laushi.

Juye shi a kan tebur mai tsabta. Tura da gindin tafin hannu, ki naɗo, ki juya, ki sake turawa, haka har minti 12 zuwa 15. Da farko zai riƙa manne wa hannu, a nan ne mutane suke ta barbaɗa fulawa har kwaɓin ya yi tauri, burodin ya fito da nauyi. Shafa ɗan man gyaɗa a hannu da tebur ya fi. Da hunturu fulawa takan bushe, tana iya neman ƙarin cokali 1 ko 2 na ruwa. Da damina kuwa ki rage cokali 2 tun farko, in ya nema ki mayar. Alamar murza ta yi: ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali da yatsu, ya miƙe ya yi siriri har haske ya ratsa bai yage ba. In yana tsinkewa, da sauran aiki. Wannan danƙon ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ne kuma yake sa burodi ya yi saƙa-saƙa in an yage shi. Wasu gidajen burodi sun riƙa neman wannan kumburin ta hanyar sinadarin bromate, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya. A gida murza ta wadatar.

Tashi na farko da na biyu

Shafa mai a roba, ki sa kwaɓin, ki rufe da leda ko murfi. Tsumma kaɗai ba ya isa da hunturu, iska za ta busar da samansa ya yi ɓawo, ɓawon kuma ya hana shi tashi. Da sanyi ki sa robar cikin obin a kashe, da kwanon ruwan zafi a ƙasanta. Da bazara ki nemi inuwa. Shanya kwaɓi a rana, yadda wasu ke yi wa ƙullin fanke, yana sa shi tashi da gaggawa ya yi tsami.

Idan ya ninka, danna shi iskar ta fita. In sanduna kike so, ki cire kashi ɗaya cikin uku a gefe. Sauran ki baje shi da faɗin gwangwanin, ki naɗe shi tamau kamar tabarma, ki matse bakin, ki kwantar da shi a gwangwanin da aka shafa wa bota, bakin yana ƙasa. Naɗin da bai matsu ba shi ke barin rami a tsakiyar burodi. Kwaɓin kada ya wuce rabin gwangwani. Rufe shi ya sake tashi, minti 30 zuwa awa 1. Ki taɓa shi da yatsa: in wurin ya dawo da sauri, bai kai ba, in ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, lokacin gashi ya yi, in ya lotsa bai dawo ba, ya wuce, zai faɗa a cikin wuta. Wanda ya wuce a sake danne shi a naɗe, ya tashi karo na uku, ya fi a gasa shi haka.

Gashi

Kunna obin minti 15 kafin lokaci, a kan digiri 180. Burodi yana ɗaukar minti 30 zuwa 35 a tsakiyar obin. Kada a buɗe ƙofa a minti 20 na farko. In samansa ya yi ja da wuri, ɗora masa takardar foil. Wadda obin ɗinta na lantarki ne, ta tabbatar da wuta ko janareta kafin tashi na biyu ya kammala. In aka ɗauke wuta, a sa gwangwanin a wuri mafi sanyi don a rage masa gudu.

Babu obin? Zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu 2 a babbar tukunya mai kauri, ki ɗora ƙarfen girke tukunya ko duwatsu uku a kai, ki rufe ta yi zafi minti 15. Sa gwangwanin a kan ƙarfen, ba a kan yashin ba, wuta matsakaiciya, minti 40 zuwa 45. Samansa ba zai yi ja ba sai an ɗora 'yan garwashi a kan murfin a minti 10 na ƙarshe.

Cire shi daga gwangwani ki ƙwanƙwasa ƙasansa. In ya yi amo irin na abin da babu komai ciki, ya gasu. Shafa masa bota da zafinsa, ki bar shi ya huce a kan raga akalla awa 1. Yanka shi da zafi yana sa cikinsa ya cuɗe kamar bai nuna ba.

Burodin sanda

Kason da kika ware, ki murza shi da muciyar murji ya kai kaurin rabin santimita, ki yanka tsaye-tsaye da faɗin ɗan yatsa. Mirgina kowanne ya kai tsawon santimita 20, ki jera a faranti da tazara. Shafa ruwan ƙwai ko madara, ki barbaɗa riɗi ko habbatus sauda. Mai son na gishiri sai ta haɗa bota da dakakkiyar tafarnuwa, amma a shafa bayan an sauke, don tafarnuwa tana ƙonewa ta yi ɗaci. Hutun minti 15 ya ishe su. Gasa a digiri 200 na minti 12 zuwa 15 in masu laushi ake so. Masu ƙaras-ƙaras kuwa a rage wuta zuwa 160 a ƙara musu minti 10. Kaurinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba siraran za su ƙone kafin masu kaurin su nuna.

Ajiya

Burodin gida babu maganin hana lalacewa a cikinsa. Da damina yana iya yin funfuna cikin kwana 2 zuwa 3, musamman in an ƙulle shi a leda bai gama hucewa ba. Firji yana sa shi saurin bushewa. In za a daɗe, a yanka shi a sa a firiza, a riƙa ciro na buƙata ana ɗumamawa a kasko. Sandunan da suka bushe sosai suna yin mako guda a kwalba mai murfi, in sun yi laushi a mayar da su obin minti 5.