Yadda Ake Bayyana Bambancin Jerin Kalmomi Tsakanin Harsuna da Ra'in Optimality

Ɗaliban kimiyyar harshe a nan Jos kan zo da teburin nazarin jimloli cike da taurari, wato alamun inda jimla ta karya wani sharaɗin nahawu, amma in ka tambaye su dalilin da ya sa wannan sharaɗi ya hau kan wancan, sai a yi tsit. Ra'in Optimality, wanda Alan Prince da Paul Smolensky suka fitar a 1993, cewa yake duk harsuna sharuɗɗansu ɗaya ne, ana iya karya su, abin da ya bambanta shi ne wanne ke gaba da wanne.

Fara da jimla mai sauƙi, wadda ba tambaya ko ƙarfafawa a cikinta: "Yara sun ci tuwo." Aikau (yara), aikatau (sun ci), karɓau (tuwo). Barbarci da Japananci aikatau suke kaiwa ƙarshe, kamar ka ce "yara tuwo sun ci". Larabci kuwa, duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya haddace "Daraba Zaidun Amran", aikatau a gaba. Kada ka ɗauko jimlar wani harshe daga manhajar fassara. Nemi mai harshen, ai Babarbare ba ya wuyar samu a Terminus.

Sai ka rubuta sharuɗɗa. Uku ko huɗu sun isa, wanda ya kawo goma ba zan karanta ba. Misali: KAI-HAGU, wato aikatau ya riga karɓau, KAI-DAMA, kishiyarsa, ZAUNA, kada kalma ta bar gurbinta, TAMBAYA-GABA, kalmar tambaya ta buɗe jimla.

To, ga inda ake faɗuwa. Ba a jera sharuɗɗa biyu sai an sami jimlar da ta haɗa su faɗa, inda bin ɗaya dole ya karya ɗayan. "Yara sun ci tuwo" ba ta gaya maka komai game da ZAUNA da TAMBAYA-GABA ba, don ba wanda ta karya. Yi tambaya ka gani. Bahaushe cewa yake "Me yara suka ci?" Karɓau ya taso daga bayan aikatau ya dawo gaba, har "sun" ta koma "suka". An karya ZAUNA, jimlar kuma lafiya lau. "Yara sun ci me?" sai in mamaki kake, ko ba ka ji da kyau ba. Wannan ce hujjarka cewa a Hausa TAMBAYA-GABA ya fi ZAUNA ƙarfi. Yanzu ɗauko Sinanci: shi ma aikau, aikatau, karɓau ne, amma kalmar tambaya ba ta motsawa daga gurbinta. Sharuɗɗan nan biyu ne dai, an juya su. Jane Grimshaw ta yi irin wannan aiki kan tambayoyin Turanci a 1997, kuma ba sai ka sayi littafi mai tsada ba, rumbun maƙalu na intanet, Rutgers Optimality Archive, kyauta ne, kuɗin data kawai.

Haka kuma kada "Tuwo ne yara suka ci" ta ruɗe ka har ka rubuta cewa Hausa karɓau take farawa da shi. Ƙarfafawa ce ta ɗago shi.

Tebur kuma, sharaɗi mafi ƙarfi a hagu, jimlolin da ke takara a jere ƙasa, tauraro ga kowace karya, alamar motsin rai inda jimla ta faɗi. Sa aƙalla uku a takara, har da wadda ba Bahaushen da zai faɗe ta. In tebur ɗinka ya zaɓi ita, koma ka sake jerin.