Yadda ake sa sabon silin a tsohuwar akori-kura

Ina dawowa daga Gwadabawa da buhunan albasa, ban ƙarasa Kware ba silin motar ya saki ya rufto mini a ka. Watan Afrilu ne, wajen ƙarfe biyu na rana. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ina ɗage leda daga fuskata kamar amarya ranar buɗar kai, a haka na lallaɓa na gangara gefen titi. Abin haushin, ni na manna shi da hannuna, ko wata biyu bai yi ba. Leda na saya, na sayi gam mai araha, na shafe rufin ƙarfen na danna ta, na koma gefe ina yaba wa kaina.

Motar Peugeot 404 ce, akori-kura, mahaifinmu ya saye ta tun zamanin Shagari. Samfurin ya fara fitowa a Faransa a 1960, kuma tun da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975 Arewa ta cika da jinsin motar, shi ya sa har gobe ba a rasa dattijon da ya san cikinta da bayanta. Irinsu na je na samu, wani tsoho mai ɗinkin kujerun mota da nake kira Baba. Ya leƙa ciki, ya shafa rufin, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya ce maka ana liƙa silin wagga mota ga ƙarhe? Ratayawa akai. Ina haƙarƙarinta?"

Sai a lokacin na tuna da wasu siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da na zare na watsa a sito. Allah ya taimake ni ban sayar wa 'yan gwangwan ba.

To kafin komai, ka san irin silin da ke motarka. Sa yatsa ka danna. Idan ka ji tauri ko'ina kamar allo, naka mai faranti ne: kwali ko siririn katako aka lulluɓe da yadi mai soso. Wannan ba shi da wata wahala. Ka sauke farantin, ka kankare ruɓaɓɓen soson da buroshi har ya fita tas, ka shimfiɗa sabon yadin, ka naɗe rabi ka manna, ka dawo ka manna ɗaya rabin, ka mayar. Idan kuwa yatsanka ya lotsa, sai can ka ci karo da layin ƙarfe daga wannan ƙofa zuwa waccan, naka mai haƙarƙari ne, irin nawa. A bayan ledar an ɗinka wani dogon aljihu kamar ƙubakar wando, sandar ƙarfen ta bi ta ciki kamar zariya, bakunanta biyu suka shiga ramukan da ke saman ƙofofi. Ledar ba ta taɓa jikin rufin sam. Bakinta kawai ake mannawa a kewaye, robar gilashi da ta ƙofa su rufe wurin.

Kayan aiki ba su da yawa. Ledar kushin marar kauri, wadda ke ɗan miƙewa idan ka ja ta. Faɗinta yawanci inci 54 ne, yadi biyu ya ishi kan akori-kura har da saura. Gam irin wanda masu takalma da masu kushin ke shafa wa fuska biyu, na gwangwani, kuma ka nemi wanda aka rubuta yana jure zafi. Na fesawa na gama-gari bai yi wa garin nan ba, don a bazara zafin Sakkwato kan wuce digiri 40 a inuwa, rufin mota kuwa ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. Sai almakashi, sabuwar reza, sukundireba, alli, buroshin ƙarfe, sanfefa, jan fentin maganin tsatsa, igiya mai kaurin fensir, da kilif ɗin takardu, baƙaƙen nan masu kunne biyu, kamar talatin. Kada ka raina kilif ɗin nan. Rabin aikin su ke yi.

Fara da cire kan batir. Sannan madubi, makarin rana, fitilar ciki, da robar ƙofofi. Kowane noti ka zuba a gwangwanin madara, don idan na 404 ya ɓace a yashi sai ka sha yawo kafin ka samu irinsa.

Gilashi shi ne wurin fargaba. Bakin silin na gaba da na baya a ƙarƙashin robar gilashi suke kwana, saboda haka aiki mai kyau sai an cire gilasan biyu. Akwai masu cusa ledar da bakin sukundireba ba tare da cirewa ba. Yana yi, amma ba ya daɗewa, kuma za ka ga tattara a kusurwa. Ni dai na kira mai gilashi ya cire mini, ban yi girman kai ba. Robar da ta shekara arba'in tana shan rana da hunturu ta bushe kamar ƙilishi, ƙiris take jira ta tsage. Idan taka ta kai haka, nemo sabuwa tukuna, ka riƙe ta a hannu kafin ka taɓa komai.

Yanzu sauke tsohon silin, kuma a nan ne nake roƙonka ka yi abin da ban yi ba. Kafin ka zare kowace sanda, ɗaura mata tef ka rubuta lambarta daga gaba zuwa baya, ka sa alamar ɓangaren direba, ka kuma zagaye ramin da ta fito da alli. Da ido duk iri ɗaya ne, amma tsawonsu da lanƙwasarsu sun bambanta. Mu sai da muka ɓata safiya guda muna gwada wannan a nan, waccan a can, Baba yana tsaki. Tsohuwar ledar ma kada ka yar, ko ta yi kaca-kaca, don ita ce ma'aunin sabuwa. Da yake ni na ƙone tawa, da takardar buhun siminti Baba ya fitar da zane, yana auna tazarar sandunan ɗaya bayan ɗaya.

Rufin ya fito tsirara ke nan. Goge tsatsa da buroshi, bi da sanfefa, shafa jan fenti. Kafin ka ci gaba, sa yaro ya hau bodi ya kwarara bokitin ruwa a kan motar kai kana ciki kana kallo. Mu nan damina gajeriya ce, mutum sai ya manta rufinsa na yoyo sai Agusta ta zo. In ka ga ɗigo, mai walda yanzu, ba bayan ka sa sabuwar leda ba. Haka wayar fitilar ciki: tawa ta ƙeƙashe tana karyewa a hannu, mai wayarin ya ja sabuwa, muka liƙa ta a jikin rufi da tef.

Daga nan sai abin da ya fi daɗa mini rai a aikin duka, wato abin tare zafi. Tsakanin rufi da leda akwai fili, a nan ake manna shi a jikin ƙarfen. Kada ka sa soson katifa. Yana shan ruwa, kuma zafi na maida shi gari. Ka nemi mai tauri wanda ba ya jiƙa, mai fuska ɗaya kamar azurfa, ko kuma bargon kushin mai kauri. Yanka shi gunduwa-gunduwa, ka bar layin da kowace sanda za ta tsaya. Ita dai tawa 404 ɗin ba ta san na'urar sanyaya mota ba, iskar taga ce gatanta, amma tun da na sa abin nan na daina jin kamar an kifa mini tanda a ka.

Ɗinkin ka kai wa mai keken kushin, da zaren nailan. Ka ce ya bar rarar inci uku a kowane gefe. Idan ka karɓo, ninke ledar biyu ka sa alamar tsakiya da alli a bayanta, gaba da baya, ka yi irin wannan alamar a tsakiyar firam ɗin gilashi. Goge sandunan su yi santsi, ka zura kowacce a ƙubakarta, ledar ta zauna daidai tsakiya. Sai ka rage bakin ƙubakar kamar inci ɗaya a kowane ɓangare, don kan sandar ya fito kuma gefen ledar ya samu damar saukowa. Kaɗan-kaɗan ake ragewa.

Ga wata dabara da Baba ya koya mini da ta fi kuɗi: mayar da notikan madubi da na makarin rana cikin ramukansu kafin ka rataya ledar. In an gama, da yatsa za ka laluba ka ji kawunansu, ka tsaga daidai wurin. Ba don haka ba, sai ka huda sabon silinka wuri biyar kana neman rami ɗaya.

Lokacin aiki ma da muhimmanci. Leda tana saki da zafi, tana ɗaurewa da sanyi. Ka ja ta da asubar hunturu, bazara na zuwa za ta yi tumbi. Ka ja ta da ƙarfi da rana tsaka, sanyin Disamba zai ɗame ta har ɗinki ya fara buɗewa. Mu da hantsi muka yi, motar a ƙarƙashin dogonyaro, ledar kuma muka shanya ta a rana kamar minti goma har ta yi laushi.

Mutum biyu ake so. Ni da ƙanena muka shiga, muka fara da sandar baya, muka sa bakunanta a rami muka miƙar da ita tsaye, sannan ta gabanta. Da suka hau duka, na ɗauko gwangwanin gam. Baba ya riƙe mini hannu.

"Aje shi. Gam da reza su ka zuwa ƙarshe."

Abin da ake yi shi ne a ɗame silin gaba ɗaya da kilif, ba ɗigon gam. Kama tsakiyar gaba, daidaita alli da alli, ja, maƙale a bakin firam. Koma tsakiyar baya ka yi haka. Sannan gefen direba da na fasinja, kana ja daidai kan kowane ɗinki, ƙaninka na ja a nasa ɓangaren don kada abin ya karkace. Daga tsakiya kake tafiya zuwa kusurwa, wannan gefe kilif biyu, wancan kilif biyu. Ka fita, ka tsuguna a bakin ƙofa ka kalli sama. Za ka ga tattara. Tattarar da ta kwanta daga ƙofa zuwa ƙofa tana nufin gaba da baya ba su ɗamu ba. Wadda ta miƙe daga gaba zuwa baya, gefe ne ke son ja. In ka ga ta taru a bakin sanda, ƙubakar ce ke riƙewa, ƙara rage ta kaɗan. Cire kilif, gyara, mayar. Mun yi wannan zagayen ya fi sau shida, har aka kira azahar muka bar shi a haka muka tafi masallaci. Da muka dawo ledar ta ƙara saki, muka sake ɗamewa.

Sai ka gamsu sannan gam. Cire kilif uku ko huɗu, kada ka wuce haka, shafa siririn gam a bakin ƙarfe da bayan leda, ka jira. An saba cewa minti goma zuwa sha biyar, amma a iskar garin nan yana riga haka shan iska, don haka da bayan yatsa za ka gane: ya yi danƙo amma bai biyo ka ba. Ja ledar yadda take a da, danna, naɗe ta a bakin firam, mayar da kilif. Gam ɗin nan in ya kama ya kama, babu gyara. Kuma warinsa na hawa kai, yana kama wuta kamar fetur. Ƙofofi a buɗe, ba sigari, kada a yi kusa da mai walda ko murhun mai shayi.

A kusurwoyi leda ba ta yarda ta lanƙwasa sai an tsattsaga bakinta kamar haƙoran zarto. Gajerun tsaga da yawa sun fi doguwa ɗaya, kuma kowacce ta tsaya a inda roba za ta rufe. Bar kilif ɗin su kwana. Washegari ka bi da reza ka yanke rara, ka bar kamar rabin inci a naɗe.

Mayar da gilashi da igiya ake yi. A sa robar a jikin gilashin, a zagaya igiyar cikin kwarmin robar har bakunanta su haɗu a tsakiyar ƙasa, a shafa ruwan sabulu. Ba baƙin mai ba, mai yana cin roba. Mutum ɗaya a waje ya dafa gilashin da tafukan hannu, na ciki yana jan igiyar a hankali, leɓen robar na hawa kan firam yana danne bakin silin. A saman ne za ka sa ido, kada igiyar ta kwaso ledar da ka manna. Daga nan robar ƙofa, sai laluben notikan nan, sai fitila: tsaga ƙaramin gicciye, ka zaro wayar, ka faɗaɗa daidai yadda murfin zai rufe. Mayar da kan batir.

Ƙananan tattara da suka rage kada su dame ka. Ajiye motar a rana awa ɗaya ko biyu da tagogi a rufe, yawancinsu za su baje da kansu. Tawa guda ɗaya ce ta ƙi, a kusurwar baya ta ɓangaren fasinja, inda na zurfafa tsaga lokacin da Baba ya juya yana amsa waya. Da ya gani bai ce komai ba, ya dai shafa wurin da babban yatsa ya dube ni. A nan na kafa ɗan ƙugiya, nake rataye hulata.