Yadda ake raba faɗin hanya da fifita zirga-zirga a ɗakin sabobi

Wata safiyar Litinin, a wani ofishi da nake kula da na'urorinsa wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, wayoyin tebur suka fara tsinkewa, murya tana zuwa guntu-guntu. Ashe wuta ce ta ɗauke da dare, aikin kwafar ajiya bai gama ba, ya ci gaba har ƙarfe tara na safe yana cinye layin gigabit 1 da ya haɗa ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, da ɗayan ginin. Shugaban wurin ya ce, "Malam, a ƙaro mana data mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar ta ishe mu, mai ba da hannu ne babu." Ga yadda ake sa mata mai ba da hannun.

Fara da awo. Ka ɗauki mako guda kana kallon layin ta SNMP ko NetFlow, hanyoyin da na'urori ke ba da rahoton abin da ke wucewa ta cikinsu, ka ga wa ke cin me, da wane lokaci. Ka duba adadin fakitin, wato ƙullin bayanai, da suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin gini, yake zubarwa a kowace kafa, domin matsakaicin minti biyar yakan nuna kashi 40 cikin ɗari alhali akwai cunkoson ƙiftawar ido da ke cika ma'ajiyar suwic. Fifiko ba ya aiki sai an samu cunkoso. In hanya fayau take, kowa wucewa yake.

Daga nan ka kasa zirga-zirgar aji-aji, kuma kada su wuce huɗu ko biyar. Na ga wanda ya yi aji goma sha biyu, bayan wata uku shi kansa ya kasa gane aikinsa. Ni nakan ware murya, sai saƙonnin da rautoci, na'urorin da ke zaɓa wa fakiti hanya, ke yi wa juna, sai ma'ajiyar bayanai da manhajojin aiki, sai kowa da kowa, sai kwafar ajiya a can ƙarshe.

Mataki na uku shi ne lamba, wadda ke nuna ajin kowane fakiti. Akwai wuri biyu da ake buga ta. A kan fakitin IP akwai DSCP, mai lambobi daga 0 zuwa 63: murya 46, saƙon rautoci 48, taron bidiyo 34, na gama-gari 0, kwafar ajiya kuma yawanci 8. A cikin alamar VLAN, wadda ke raba na'urorin da ke kan suwic rukuni-rukuni, kuma akwai ta 802.1p, daga 0 zuwa 7, wadda takan ɓace da zarar fakiti ya tsallake rauta. Ka buga lambar a suwic na farko da na'urar ta shiga, kuma ka zaɓi wanda za ka yarda da shi. Wayar tebur da sabar da ke hannunka, ka amince da lambarsu. Kwamfutar ma'aikaci kuwa a mayar da tata sifili, in ba haka ba wata manhaja za ta yi wa kanta lamba 46 ta shige gaban kowa.

Yanzu sai rabon, kuma nan ne ake yawan kuskure. Murya ita kaɗai ake ba layin gaba, wanda ake sallama kafin kowa, amma dole a yi masa iyaka, don in ya cika ba wanda zai motsa a bayansa. Kamfanin Cisco mai ƙera irin waɗannan na'urori na ba da shawarar kada ya wuce kashi 33 na layin, amma ka yi lissafin kanka: kira ɗaya na G.711, tsarin mayar da murya bayanai, yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa, ke nan kira ɗari bai kai megabit 10 ba. Kashi 5 na gigabit ya ishe su har da rara. Abin da ya rage sai ka raba da nauyi, misali ma'ajiya da manhajoji 45, gama-gari 35, saƙon rautoci 5, kwafar ajiya 10. Waɗannan kasonni mafi ƙarancin abin da aji zai samu ne idan hanya ta cushe. In wasu ba sa amfani da nasu, wani ya ara, shi ya sa da dare ajiya take samun hanyar kusan duka. A manyan suwic ana kiran wannan ETS, ƙa'idar 802.1Qaz, a Linux umarnin tc da HTB ke yi, a rautar MikroTik kuma bishiyar layuka ce.

Idan kana da RoCE ko FCoE, hanyoyin tura bayanai tsakanin sabobi da ma'ajiya waɗanda ba sa jure zubar fakiti, ka kunna PFC, mai ce wa mai turowa ya dakata in an cushe, a ajinsu kaɗai, a ɓangarori biyun igiyar. Kada ka kunna wa kowa, don saƙon "dakata" yakan bi baya ya tsayar da waɗanda ba ruwansu.

Layin da ke fita waje yana da tasa matsalar. Kamfanin intanet ya sayar maka da megabit 200, amma kafar rautarka ta gigabit ce, ita a ganinta babu cunkoso, sai ta tura komai, su kuma can su zubar da abin da ya haura ba tare da duba lambarka ba. Ka rage gudun fitarka zuwa kamar 190, domin layin jira ya taru a gidanka inda dokarka ke aiki.

Sai gwaji, bayan an tashi aiki, ka riga ka adana tsohon saiti. Ka cika layin da manhajar gwaji ta iperf3 mai lamba 8, ka ɗaga wayar tebur ka kira ɗayan ginin. Jinkirin murya a tafiya ɗaya kada ya wuce milidaƙiƙa 150, kamar yadda ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta tsara. Ka leƙa ƙididdigar kowane aji: na ajiya ya riƙa zubarwa, na murya ya tsaya a sifili. In ka ga fakitin murya a ajin gama-gari, wani suwic a tsakiya ne ke goge lambar, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi.