In saki ya faru, ga yadda za ki tsare ɗan abin hannunki

'Yar uwa abu na farko takardar saki, ki tabbata ya rubuta da kwanan wata da adadin sakin, ki ba babanki ko yayanki ya ajiye, dan duk rigimar da za ta biyo baya daga nan alƙali yake fara tambaya. In saki ɗaya ne ko biyu cinki da shanki da wurin kwana na kansa har ki gama idda, in da ciki kuwa ko saki uku ne sai kin haihu. Mata da yawa zuciya ke ɗibarsu su ce na yafe, bayan wata biyu ana neman kuɗin sabulu.

Sadakinki naki ne, in akwai ragowar da bai cika ba bashi ne a kansa. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki, gado, katifa, kwanuka, duk naki ne. Ranar kwashe kaya kar a tura yara da amalanke kawai, a je da babba ɗaya da wakilin mai unguwa, a ƙirga a gaban kowa a ɗau hoto da waya.

Inda aka fi cutar matan karkara wlh wajen dabbobi ne da hatsi. Kin yi ƙuli-ƙuli kin tara kin sayi akuya, ta haihu ta ƙara haihuwa, duk a turken maigida suke, damina ta zo ya ja biyu ya kai Wudil ranar Juma'a ya sayar ya sayo taki yace bari a yi kaka zan biya ki, kaka ta wuce shiru, toh wannan bashi ne ba kyauta ba amma a kotu in ya musa ke za a ce ki kawo shaida. Tun yanzu ki tuna wa ya gani, dillalin da ya sayar, maƙwabcin da ya taya ɗaurawa a babur, uwar adashen da ta miƙa miki kwasarki ya karɓa a gabanta. Mai aure ma da ke zaune lafiya ta rinƙa sa ana rubutawa, aya ta 282 a Suratul Baƙara umarnin rubuta bashi ce, ba rashin yarda ba ne.

Sai waya. In layinki da NIN ɗinsa aka yi rajista ki sayi sabo da naki, ki je banki a mayar da alat can, ki canza lambar sirrin katin ATM da ta OPay tunda a baya shi kike aika wajen mai POS.

In magana ta ƙi a zaure a je wajen dagaci ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma, sulhu suke yi, kuma a rubuta abin da aka yanke kowa ya sa hannu. In ya ƙi sai kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya riƙon yara na uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa na uba, ki nemi alƙali ya yanke adadi duk wata, ko kuɗi ko kwanon gero, kar ki yarda da “in na samu zan aiko”. Ke kuma mai neman khul'i, wato ki fanshi kanki ya sake ki, yawanci sadaki ake mayarwa, in ya jero miki lissafin lefe da na toshi kar ki amsa a gida, ki bari alƙali ya faɗi abin da za ki biya.