Ku Fara Da Sama Kafin Ƙasa

'Yan'uwa masu koyon zane da fentin mai, in za ku zana fili da duwatsu, ku fara da sararin sama, sannan ku riƙa matsowa gaba. Dutsen da ke nesa ku dusashe launinsa, ku ɗan sa masa shuɗi, don kuwa haka ido ke ganin nesa.

Shafin farko ku tsinka fentin da tafentin (wani ruwa ne na tsinka fentin mai), kowane shafi na gaba ku ƙara masa mai. In kuka juya tsarin, na sama zai riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage. Abin da ciwo, aikin makonni ya lalace.

Man ƙyalli na ƙarshe kuwa, wanda ake shafa wa zane don kare shi, ku jira aƙalla wata 6 bayan gama zanen kafin ku shafa shi.